Nafaƙar Ɗa Bashi Ce a Wuyan Uba

Duk wanda ya san Nasarawa ta Kaduna a zamanin da jiniyar masaƙun Kakuri ke raba wa mutane dare da rana, ya kuma dawo ya zauna cikinta a yau, abin da zai fara lura da shi, tun kafin lalacewar hanyoyi da cunkoson gidajen haya, shi ne yawan ɗakunan da mace kaɗai ke ɗauke da nauyinsu, alhali kuwa mutumin da ya haifi 'ya'yan da ke ciki yana nan da ransa da lafiyarsa a wani wuri. Unguwar nan, wadda ke kudancin kogi cikin ƙaramar hukumar Chikun, ma'aikata ne suka raya ta. Tun daga 1957, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta buɗe masaƙar KTL, sa'an nan UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960, mutane suka yi ta kwararowa daga Katsina da Zazzau da Binuwai da Filato da kudancin Kaduna, suka kama ɗakuna a Nasarawa da Tirkaniya da Makera, suka yi aure, suka hayayyafa a kan albashin ƙarshen wata. Da KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma ta sallami dubban ma'aikatanta a 2007, sai wancan albashi ya yanke. Ga kuma tarzomar Fabrairun 2000 da ta Nuwamban 2002, waɗanda suka tarwatsa maƙwabta, suka mayar da kogi iyaka tsakanin mutanen da a da suke zaune gida ɗaya. Magidanta da yawa suka fita neman abinci, wani Abuja, wani Legas, wani Fatakwal. Wasu suka riƙe aike har yau, Allah ya saka musu da alheri. Wasu kuwa aiken ya yi ta raguwa har ya ɗauke ɗungurungum.

Ba a kan mamaci nake magana ba, domin marayunsa suna da matsayi sananne a addini da al'ada, wanda ke sa hannun jama'a ya miƙu gare su ko da kaɗan ne. Ba kuma a kan wanda cuta ta kwantar ko aka tsare a kurkuku ba. Maganata a kan uban da yake raye ce, yana samu gwargwadon hali, yana cin tuwonsa da dare, wani ma ya sake aure har ya yi wa amarya lefe, amma 'ya'yan da ya bari a hannun matar da ya saka, ko wadda ya tafi ya bari ba aure ba saki, ba su da wani kaso sananne cikin abin da Allah ke ba shi. Irin waɗannan yara ta wata fuska sun fi marayu shiga tsaka mai wuya, gama idan aka zo rabon zakka ko tallafin wata ƙungiya, sai a ce ai ubansu yana nan, a tsallake su. Shi kuwa uban, in an tuna masa, sai ya ce ai ɗa na kowa ne, kuma bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne Allah ne mai ciyarwa, amma Shi ne kuma ya ɗora wa uba wajibcin zama sababi, kuma ba a taɓa jin malamin da ya halatta wa mutum ya fake da tawakkali domin ya sauke farilla daga wuyansa ba.

Hukuncin kuwa ba ɓoyayye ba ne, ba sai an tafi Azhar kafin a same shi ba. Yana cikin littattafan da ake bita a zaurukan Nasarawa bayan sallar asuba. Ibn Abi Zaid Alƙairawani, a cikin Risala, ya bayyana cewa ciyar da 'ya'yan da ba su da dukiyar kansu wajibi ne a kan uba, namiji har ya balaga ba tare da wata naƙasa mai hana shi nema ba, mace kuwa har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Ya kuma bayyana cewa riƙon yaro bayan saki, watau hadana, haƙƙin uwa ne har zuwa waɗannan iyakoki, idan kuwa ta rasu ko ta auri wani, riƙon ya koma hannun kaka, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Riƙo ke nan na uwa, ɗawainiya ta uba. A mazhabar Imamu Malik ba a wajabta wa uwa ciyar da ɗanta daga dukiyarta ba ko da mawadaciya ce, saboda haka duk awarar da bazawara ta soya, da duk wankau ɗin da ta yi domin ta auno wa yaranta garin masara, bashin wani take biya. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan wanda aka haifa wa ɗan, Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta umarci mawadaci ya ciyar daga wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki shi ma ya ciyar daga ɗan abin da ya samu. A lokacin da Hindu 'yar Utba ta kai kukan rowar mijinta Abu Sufyan wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, izini aka yi mata ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa yadda aka saba, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito.

Amma abin da muka saba gani a tsakaninmu kishiyar wannan ne. Da zarar idda ta cika, ko yaro ya isa yaye, sai saƙo ya zo ta bakin ƙanwar miji: "Yaya ya ce in kina son ya ci gaba da ciyar da su, ki maido masa 'ya'yansa." Uwa ta rasa tudun dafawa, ko dai ta miƙa ɗan shekara uku ga kishiyar da ba ta da dalilin ƙaunarsa, ko ta riƙe abinta ta haƙura da kuɗin. Da yawa na biyun suke zaɓa, su ja Allah ya isa, su kama sana'a. Ta haka nafaƙa, wadda shari'a ta sanya ta haƙƙin yaro tsantsa, ta koma abin da ake ci gaba da rigimar aure da shi bayan auren ya mutu, wanda ke kwana da yunwa kuwa ba ya cikin waɗanda suka yi faɗan.

To, mene ne kuɗin uba ke yi a jikin yaro da ƙwaƙwalwarsa, har da zan kira hana shi zaluncin da yake da wuyar gyaruwa? Likitoci sun yi ittifaƙi a kan cewa kwanaki dubu na farko, tun daga shigar ciki har yaro ya cika shekara biyu, su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke ginuwa da saurin da ba za ta sake yin irinsa ba, kuma yaron da bai samu isasshen abinci mai gina jiki a wannan tsakani ba, ko zazzaɓin cizon sauro da gudawa suka yi ta kayar da shi ba a kai shi asibiti a kan kari ba, yakan tsumbure, tsumburewar kuwa ba a tsawon jiki kaɗai take tsayawa ba. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa, inda Kaduna take, adadin ya kai kashi 57. Ban ce duk wannan laifin ubannin da suka juya baya ba ne, talauci ya fi haka faɗi. Amma a lura da lokacin da saki ya fi yi wa yaro illa: mace da ciki ko da goyo, ta koma gidan iyayenta inda da ma tukunyar ba ta isar waɗanda ke ciki, kokon da za ta ɗura wa yaron babu madara, babu gyaɗa, ƙwai kuwa sai dai ya gani a faranti a kan mai talla. A ƙasar Gwatemala an yi wani gwaji tsakanin 1969 da 1977 a ƙauyuka huɗu, biyu aka riƙa ba yaransu wani kunu mai gina jiki, biyu kuma wani abin sha mai zaƙi. Da masana suka koma bayan shekaru kusan talatin suka nemo yaran nan sun zama magidanta, sai suka tarar mazan da suka sha kunun a shekaru biyun farko na rayuwarsu ladan aikinsu ya ɗara na sauran da kashi 46 cikin ɗari, maza da mata duka kuma sun fi fahimtar abin da suka karanta. Kunu ne fa kullum, abin da bai fi ƙarfin lebura ko mai tuƙa Keke Napep ba.

Idan yaro ya tsallake wannan mataki ya isa makaranta, sai wata ɗawainiya ta taso wadda masu cewa ai ilimi kyauta ne ba su cika sa ta cikin lissafi ba. Haƙiƙa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, amma doka ba ta sayen takalmi, ba ta sayen littafin rubutu idan ya cika, ba ta biyan kuɗin Laraba na malamin allo ko kuɗin wata na Islamiyya, ba ta kuma ba da kuɗin tara. A dubi yaron da ya fito da safe bai karya ba: idan aka kaɗa ƙararrawa, 'yan ajinsu suka ruga wurin mai ƙosai da mai ɗanwake, shi sai ya jingina da tagar aji yana tauna murfin biro, yana nuna ba ya jin komai, in an dawo darasin lissafi kuwa idonsa na kan allo amma hankalinsa yana kan ko Umma ta samu abin ɗora tukunya. Malamai sun san irin wannan yaro, sun kuma san ba daƙiƙi ba ne. Abin da ya faru a Janairun 2016, lokacin da gwamnatin jiha ta fara ciyar da 'yan firamare, ya isa hujja, domin ajujuwa cika suka yi suka batse da yaran da a da ba a ganinsu, wasu ma da sun cinye abincin sai su sulale. An yi ta yi musu dariya a lokacin. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan yaran da yunwa ce kaɗai ke tsakaninsu da aji.

Nauyin kuma ya fi faɗa wa 'ya mace. Uwar da ba ta da mai aiko mata dole ta nemi mai kai mata haja bakin titi, babbar 'yarta kuwa ita ce mafi kusa. Sai yarinya 'yar aji huɗu ta fara da fashin ranar Juma'a, ta koma fashin kwana biyu a mako, tana yawo da bokitin awara tsakanin garejin makanikai da inda manyan motoci ke tsayawa a gefen titin Nnamdi Azikiwe, inda ake gaya mata maganganun da bai kamata kunnenta ya ji ba, har ranar da za a daina kiran sunanta a rajista ba tare da wani ya taɓa zama ya yanke shawarar cire ta ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da almajirai a waje. Ina ganin hukuncinsa a kan wanda ya bar 'yarsa ta daina karatu saboda kuɗin da bai kai na katin wayarsa na mako ba, ba zai fi wannan sauƙi ba.

Akwai kuma ubannin da suke bayarwa, amma bayarwar da ba ta da lokaci, kuma su ne suka fi ganin sun sauke nauyi. Sai a shafe wata biyar ba a ji ɗuriyar mutum ba, ranar jajibirin Sallah sai ga saƙon shadda da takalma da kaji biyu, yara su yi ado su fita yawon Sallah, dangi su ce ai Baban su Wane yana ƙoƙari. Ba na raina kayan Sallah, domin farin cikin yaro a ranar idi abu ne mai daraja. Sai dai geron da ya bushe a watan Yuli, ruwan da aka tafka a Oktoba ba ya tayar da shi komai yawansa. Uwar da ta san cewa ranar biyar ga kowane wata dubu goma za su shigo, tana iya karɓar mudun masara bashi wurin mai shago da gaba gaɗi, ta yi wa shugaban makaranta alkawari ta cika, ta shiga adashi, ta ƙi ɗora wa 'yarta talla. Wadda ba ta sani ba kuwa, ko da jimillar abin da ake aiko mata a shekara ta fi haka, kullum cikin zullumi take. Ku tsaya a rumfar mai POS a kasuwar Nasarawa idan wata ya ƙare, za ku ga matar da ta miƙa kati, yaron ya danna ya ce, "Hajiya, bai shigo ba," ta ce, "Ɗan sake dubawa, ɗana, ya ce tun jiya ya turo," ya sake dubawa ya girgiza kai, ta karɓi katinta ta ƙulle a bakin zane ta juya. Wannan zullumi gida take kai shi, yara ne kuma ke shan sa, ta hanyar tsawa da duka a kan ƙaramin laifi, daga uwar da ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa.

Turawa sun daɗe suna nazarin wannan al'amari, domin su ma mutuwar aure ta yi musu katutu. A 1999 wasu masana biyu na Amurka, Paul Amato da Joan Gilbreth, sun tattara sakamakon bincike 63 da aka yi a kan ubannin da ba sa zaune tare da 'ya'yansu, suka tarar cewa yaran da ubanninsu ke biyan kuɗin ɗawainiyarsu sun fi yin ƙoƙari a makaranta, sun kuma fi ƙarancin fitina da rashin ji, alhali yawan ziyara kawai, ba tare da sa ido a kan tarbiyya ba, bai nuna wani tasiri mai ƙarfi ba. Wani nazarin da Lenna Nepomnyaschy da abokan aikinta suka buga a 2012, wanda ya ɗebo bayanansa daga babban binciken da ke bin rayuwar yara kusan dubu biyar da aka haifa a manyan biranen Amurka 20 tsakanin 1998 da 2000, ya ƙara da cewa kuɗin da uba ke bayarwa da yardar ransa, bisa fahimtar juna da uwar, shi ne aka ga yana tafiya tare da ƙaruwar basirar yaro, ba wanda hukuma ta karɓo da ƙarfi ba. Amurka ba Nasarawa ba ce, kuma tafiyar abu biyu tare ba ta isa dalilin cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Amma ma'anar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yaron da aka ce wa, "Babanka ne ya aiko da kuɗin littafin nan," ya samu littafi, ya kuma samu yaƙinin cewa akwai mutum a Legas da ya tuna da shi, wanda zai kira ya tambayi na nawa ya zo a jarrabawa, kuma yaron da ya san za a tambaye shi ba ya zama a aji yadda wanda ba mai tambayarsa yake zama.

Na san hujjojin da maza ke kawowa, kuma ba duka ne na banza ba. Wani ya ce in ya aika, uwar ce za ta yi anko da shi, ko ta ciyar da sabon miji da 'ya'yansa. Ana samun haka, amma maganinsa a hannu yake: ya biya makaranta kai tsaye, ya ajiye kuɗin awo wurin mai shagon unguwa, ya damƙa sauran a hannun kakar yaran ko kawunsu. Wani ya ce ta hana shi ganin yaran, ta cusa musu ƙiyayyarsa. Wannan zalunci ne a kansa, ina kuma kira ga mata su ji tsoron Allah a kai, gama yanke zumunci tsakanin ɗa da mahaifi babban zunubi ne, sai dai laifin uwa ba ya soke haƙƙin ɗa. Hujja mafi nauyi ita ce ta babu. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota da na mudu suka yi tashin gwauron zabi, kuma tsohon ma'aikacin masaƙar da ya shafe shekara ashirin yana jiran haƙƙin sallamarsa ba zan tsaya a kansa da wa'azi ba. Shari'a ma ba ta kallafa wa matalauci abin da ba shi da shi ba. Amma wanda ya samu sadakin sabon aure, ya kama ɗaki, ya yanka ragon suna, bai kamata a saurari babu daga bakinsa ba idan aka zo maganar 'ya'yansa na fari.

A nan ne nake ganin alƙalai da masu unguwanni da limamai suna da aikin da ba su gama ba. Tun 2001 Jihar Kaduna take da kotunan shari'ar Musulunci da na al'ada kafaɗa da kafaɗa, a 2018 kuma ta kafa dokarta ta kare haƙƙin yara da jin daɗinsu, saboda haka Musulmin Nasarawa da Kiristanta kowa yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Amma mata da yawa ba sa zuwa, saboda kunyar a ce ta kai uban 'ya'yanta ƙara, da kuɗin sammaci, da zirga-zirgar da ke cinye ranakun sana'a. Ba su kuma san wata mas'ala da ke cikin Muhtasar na Shaihu Halil ba, wadda jinkiri ke cutar da su a cikinta, watau cewa nafaƙar ɗa ta watannin da suka shige tana faɗuwa daga kan uba ko da mawadaci ne, sai fa idan alƙali ya riga ya yanke ta, ko kuwa wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba da niyyar kyauta ba. Matar da ta yi haƙurin shekara shida tana jiran tsohon mijinta ya ji kunya, ranar da ta gaji ta tsaya gaban alƙali tana iya tarar da cewa shekarun nan sun tafi ke nan, sai dai a yanke mata daga yau. Ya kamata a riƙa faɗin wannan a wa'azin mata da huɗubar Juma'a kamar yadda ake faɗin hukuncin idda.

Abin da nake roƙo bai kai sabuwar doka ba. Ranar da aka tabbatar da rabuwa, ko a gaban alƙali ne, ko a zauren mai unguwa, ko a ofishin fasto, kada a tashi sai an rubuta a gaban shaidu nawa uba zai riƙa bayarwa, ranar nawa ga wata, ta hannun wa, da wanda zai biya makaranta da asibiti, a kuma riƙa sake duba adadin duk shekara, domin dubu biyar ɗin da aka yanke a 2019 yau ba ta sayen rabin abin da take saye a lokacin. Idan uban ma'aikaci ne, a nemi umarnin kotu a cire daga albashinsa kafin ya shigo hannunsa. Idan direba ne ko ɗan kasuwa, shugabannin ƙungiyarsa su sa hannu a takardar, gama mutum yakan ji nauyin sarkin tasharsa fiye da yadda yake jin tsoron sammaci. Waliyyin da aka zo neman auren 'yarsa kuma, bayan ya bincika asalin mai nema da sana'arsa, ya tambaye shi 'ya'ya nawa yake da su a waje, a hannun wa suke, aji nawa suke, yaushe rabonsa da ya aika musu. Sa'an nan ya tura wata dattijuwa daga gidansa ta je ta ji daga bakin uwarsu.